Wasan Kwaikwayo a Rubuce: Ina Sababbin Suke?

Kowace shekara idan lokacin zaɓen wasan da ɗalibai za su nuna ranar rabon kyaututtuka ya zo, hannunmu kan koma kan littattafai huɗu ko biyar ɗin nan da muka saba da su: Jatau Na Kyallu, Uwar Gulma, Tabarmar Kunya, Kulɓa Na Ɓarna. Mafi ƙuruciya a cikinsu ya girmi iyayen wasu ɗalibanmu. Wannan ya sa muka ga ya dace mu duba inda waɗannan littattafai suka fito, da dalilin da ya sa sababbi suka yi ƙaranci.

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa a makaranta ya fara. A 1930 Rupert East ya fitar da wasanni shida a littafi ɗaya domin 'yan makaranta. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda jigonsa tsafta ce da amfanin ilimin boko. Bayan haka sai rediyo ta karɓi aikin. Shu'aibu Maƙarfi ya yi suna da wasanninsa a gidan rediyo kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya biyo baya a 1968, Tabarmar Kunya a 1969. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da labarin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa wasan dandamali, sannan Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979.

A lura da abu ɗaya. A waɗancan shekarun akwai wasannin da suka fi waɗannan farin jini nesa ba kusa ba. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karkuzu na Jos sun tara jama'a gaban akwatin talabijin har ana rasa wurin zama. Amma a irin waɗannan wasanni galibi ƙashin labarin kawai ake tsarawa, kowane ɗan wasa ya cika sauran da bakinsa. Yau idan ɗalibanmu suka ce za su nuna Samanja, ba su da takardar da za su riƙe, sai dai su kwaikwayi muryar Pategi, kuma ba za su kamo shi ba. Jatau kuwa yana nan a laburare tare da Kyallunsa, duk ajin da ya ga dama ya ɗauko su ya sa musu riga.

Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, masu gwanintar tsara zance suka sami wata kasuwa. Wanda dā zai rubuta wasa ya kai wa kamfanin NNPC a Zariya ya yi ta jira, sai ya koma rubuta labarin fim ko littafin soyayya, waɗanda kuɗinsu ke dawowa da wuri. Ba mu ga laifinsu ba. Littafin wasa ba ya tafiya a kasuwa sai hukumar jarrabawa ta sa shi cikin manhaja. Duk da haka ba a rasa masu yi ba. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka fi sani da In Da So Da Ƙauna, ya rubuta wasan Malam Zalimu, ya kuma buga shi.

Akwai wani dalili da ya shafe mu a aji: yawancinmu ba mu iya karanta wasa ba. Mukan karanta shi shiru kamar ƙagaggen labari, sai mu ji shi lami. A ƙagaggen labari marubuci yakan gaya mana abin da ke zuciyar mutum. A wasa ba shi da wannan dama, sai magana da motsi da ɗan bayanin da yakan sa cikin baka-biyu, wanda ɗalibai suka fi son tsallakewa. Mu ɗauki kalmomi biyu, "To, madalla." Uba zai faɗe su da murna idan ɗansa ya ci jarrabawa. Uwargida ma za ta faɗe su ranar da ta ji an kai kuɗin amarya, amma wanda ya ji yadda ta faɗa ya san gidan ba lafiya. Takarda ba ta bambanta su ba. Mai karatu ne zai duba abin da ya gabata, da wanda ake gaya wa, ya zaɓi murya. Shi ya sa muke raba sunayen 'yan wasa a aji, kowa ya miƙe tsaye ya karanta nasa. Jatau Na Kyallu musamman, da Kanancinsa, sai an ji shi a baki ake sanin daɗinsa.

Bara ɗalibanmu sun nuna wani wasa nasu a kan satar amsa, jama'a suka yi ta dariya. Da muka nemi takardarsa bana, ba a samu ba, domin ba a taɓa rubuta shi ba, kuma waɗanda suka riƙe shi a ka sun gama sun tafi. Saboda haka a zango mai zuwa kowane aji na babbar sakandare zai kawo fitowa ɗaya a rubuce, 'yan wasa kada su wuce huɗu, tare da bayanin wuri da shiga da fita. Wani aji dabam za mu ba ya nuna ta, ba tare da marubutan sun yi musu ƙarin bayani ba.