Ciwon Ƙirji a Gona: Shin In Daina Shan Magani?

Tambaya: Malam, shekaruna 58. In ina huɗa sai ƙirjina ya ɗaure, in na huta ya sake ni. Likita ya ba ni ƙwayar sawa ƙarƙashin harshe da wasu na kullum. Na samu sauƙi, in daina? Manomi, Bacirawa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma kada ka daina. Hanyoyin jinin zuciyarka ne suka tsuke, sauƙin da kake ji kuwa aikin maganin ne. Na kullum ɗin, irin su atenolol, yanke su farat ɗaya kan dawo da ciwon da ƙarfi.

Ta harshen, GTN, ka riƙa tafiya gona da ita cikin kwalbarta, ban da ajiye ta a rana. Ciwo na tashi, ajiye garma, zauna, sa ɗaya. Kanka zai iya sarawa, ba komai. Bayan minti 5 in bai lafa ba, ƙara ɗaya. In ya ƙi bayan wani minti 5, ko gumi ya karyo maka, a garzaya da kai asibiti mafi kusa.

Maganin ƙarfin maza irin Viagra kuwa, kul! Haɗa shi da GTN kan sa ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa har mutum ya sume.

Nemi takardar ganin likitan zuciya a Asibitin Aminu Kano.