Dacewar Ƙwayar Harsashi da Abin Farauta

Harsashin bindigar harbin tsuntsaye yana ƙunshe da ƙwayoyi masu yawa, kuma lambar da ke jikinsa ce ke nuna girmansu: gwargwadon hawan lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. A ma'aunin Amurka, ƙwayar dalma mai lamba 8, wato kimanin milimita 2.3, ta dace da kurciya, 6 da zomo, 4 kuma da agwagwa.

Ƙwayar da ta yi wa dabba ƙanƙanta raunata ta kawai take yi, ta tsere ta mutu a wahale. Manyan ƙwayoyi kuwa ba su da yawa, ƙaramin tsuntsu yakan kuɓuta ta tsakaninsu.

Tun 1991 Amurka ta haramta dalma wajen farautar tsuntsayen ruwa. Da yake ƙarfe bai kai ta nauyi ba, maharbin agwagwa yakan koma lamba 2.