Saye ko Sayen Hannun Jari? Darasin Fassara Daga Cinikin Kamfanin Waya

Wannan ɗan nazari zai duba kalmomin da mai fassara ke buƙata idan wani babban kamfanin fasaha ya mallaki wani. Misalin da muka ɗauka shi ne layin nan mai farawa da 0802, wanda ya sha sunaye iri-iri cikin shekara goma.

Kamfanin ya fara aiki a Nijeriya a 2001 da sunan Econet. A 2004 ya koma Vmobile. A 2006 kamfanin Celtel, wanda Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan ya kafa, ya biya kimanin dalar Amurka biliyan 1 ya karɓi kashi 65 cikin ɗari na hannun jarin Vmobile. A 2008 sai aka ji Zain. A 2010 kuma Bharti Airtel na Indiya ya biya dala biliyan 10.7 ya karɓi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15, har da tamu. A bakin jama'a, duk waɗannan sauye-sauye jimla ɗaya ce: "an sayar da kamfanin". To amma ba haka abin yake ba.

Mu ɗauki na 2006. Ɗalibin nahawu ya san rabe-raben aikatau na Parsons. "Saya" na giredi na 2 ne, shi ya sa muke cewa "ya sayi akuya". "Saye" na giredi na 4 kuwa yana nuna an kwashe abu kakaf, kamar a ce 'yan kasuwa sun saye cittar Kachia da Kwoi, ba su rage ko buhu ɗaya ba. Saboda haka wanda ya rubuta "Celtel ya saye Vmobile" ya ƙara gishiri, domin akwai ragowar kashi 35 a hannun wasu. Abin da ya dace shi ne "ya sayi mafi yawan hannun jari", wato ya sami ikon naɗa shugabanni da juya akalar kamfanin. Akwai kuma wani tarko a nan: giredi na 2 ma yakan koma "saye" a gaban wakilin suna, kamar "ya saye shi". Karin sauti ne kawai ke raba su, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna karin sauti. Mu da muka koyi Hausa bayan harshen gida, Jju ne ko Tyap ko Hyam, a nan muka fi buƙatar kasa kunne.

Na 2008 ba ciniki ba ne sam. Kamfanin MTC na Kuwaiti ya riga ya mallaki Celtel tun 2005, daga baya ya sa wa kansa da 'ya'yansa suna Zain. Sauya suna ne, mai gida bai sauya ba. Na 2010 ne cinikin gaske.

Me ya sa za mu damu da wannan bambanci? Domin a Kafanchan da Zonkwa da Kagoro, Hausa ce ke haɗa ƙabilu a kasuwa, da ita kuma mutane da yawa ke jin labarai a rediyo. Mai sayar da katin waya da ya zuba jarinsa, idan ya ji "an saye kamfanin", tambayarsa ita ce ko katunan da ke hannunsa sun zama asara. Ga shi kuwa lambobin mutane ba su sauya ba a duk waɗannan shekaru. Abin da ke sauyawa yana can sama: wa ke yanke farashi, wa ke cewa a kafa turken sadarwa a wannan ƙauye a bar wancan, ina kuma riba take tafiya. A ganina labarin da bai faɗi waɗannan ba bai gama aikinsa ba.

Ga aiki ga mai karatu. A 2014 Airtel ya ƙulla yarjejeniyar sayar da turakunsa kimanin 4,800 na Nijeriya ga kamfanin American Tower na Amurka, sannan ya ci gaba da amfani da su a matsayin ɗan haya. Ba jingina ba ce, domin mallaka ta riga ta koma hannun mai saye. A gwada rubuta wannan labari cikin jimla biyu, yadda manomin citta zai gane shi a ji ɗaya.