Kaluluwa a Jikin Yara: Yaushe Ne Take Zama Abin Damuwa?

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda yara kan bi iyayensu gona da kiwo, galibi ba takalmi, da wuya damina ta wuce yaro bai taka ƙaya ko ya sari ƙafarsa da fartanya ba. Bayan kwana biyu ko uku sai wani ƙullutu mai zafi ya taso masa a matsematsi, har ya riƙa ɗingishi. Wannan ita ce kaluluwa.

Mece ce kaluluwa?

Baya ga jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe ruwan da ya tsattsafo tsakanin tsoka su mayar da shi cikin jini. Masana kimiyya na kiran wannan ruwa limf. A kan hanyoyin akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu siffar wake, kimanin 600, waɗanda suka fi taruwa a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji da ciki. Aikinsu kamar na rariya ne: su tace ruwan, su tsare ƙwayoyin cuta, fararen ƙwayoyin jinin da ke cikinsu kuma su hayayyafa su yaƙe su. Wannan hayayyafa ce ke jawo kumburi. Yara sun fi manya yin kaluluwa domin jikinsu na haɗuwa da cututtuka da yawa a karo na farko.

Inda ta fito shi ke nuna tushenta

Kowane rukuni yana gadin yankinsa. Ta matsematsi takan biyo miki ko ƙazuwa a ƙafa. Ta hammata, rauni a hannu. Ta ƙeya, makero ko ƙuraje a fatar kai. Ta ƙarƙashin haɓa, ciwon haƙori ko na maƙogwaro. Irin wannan takan yi taushi, tana motsi idan an taɓa, kuma takan saɓe cikin mako 2 zuwa 4 bayan an magance tushen. Hangum daban ne, shi kumburin matsarmamar yawu ne a gaban kunne.

Wadda ba a yi wa jinkiri

Na ɗaya, mashaƙo. Annobarsa ta ɓarke a Nijeriya a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Jigawa. Wuyan yaro kan kumbura ƙwarai, da zazzaɓi, da wata farar yana a maƙogwaro mai iya toshe numfashi. A ranar da aka gani, a ranar za a kai shi asibiti.

Na biyu, tarin fuka. Ƙwayar da Robert Koch ya gano a Jamus a 1882 ba huhu kaɗai take kamawa ba. A yara takan zauna a ƙulle-ƙullen wuya, su yi makonni suna girma ba zafi, su manne da juna, wani lokaci su fashe suna zubar da ruwa. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci na wata 6.

Na uku, sankara, wadda ba ta da yawa. Alamunta su ne ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, ko wanda ya fito bisa ƙashin wuya, tare da rama da gumin dare.

Abin da ya kamata a yi

A nemi tushen, a wanke miki da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a matse kaluluwa, kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya, domin hakan buɗe wa wasu cututtuka ƙofa ne. Idan ta wuce santimita 2, ko ta haura mako 4, ko ta yi ja tana tara mugunya, sai a je asibiti mafi kusa. Idan ana buƙatar gwaji mai zurfi akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Rigakafi kuwa ya fi magani: allurar BCG ranar haihuwa, ta mashaƙo a mako na 6 da na 10 da na 14. Malamin da ya ga ɗalibi da kumburin wuya, ya sanar da iyayensa tun da wuri.

Tambayoyi

1. Me ke sa kaluluwa ta kumbura?
2. Yaro yana da kaluluwa a ƙeya. Ina za a fara dubawa?
3. Kawo alamu uku da ke wajabta zuwa asibiti.