Madubin Cikin Kamara da Hoto Mai Hazo

Wata shekara, bayan girbi, wani mai ɗaukar hoto ya zo gidanmu a Gesheme. Rana ta yi sanyi, magariba ta kusa. Munka shimfiɗa wa tsohonmu tabarma gaban rumbu, ya sa babbar riga, ya naɗa rawani. Mai hoto ya kafa kamara bisa sanda mai ƙafa uku, ya ja baya nesa, ya ce kada kowa ya motsa. Tsoho ya zauna kamar dutsi. Sai munka ji "ƙwas!"

A lokacin, fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka. Sai ya cika a kai shi birni a wanke. Da hoton ya dawo, fuskar tsoho ta yi hazo, idanu da gemu sun cuɗe. Munka ce a sake. Kafin mai hoton ya sake biyowa, Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Hoton nan mai hazo shi kaɗai gare mu.

To, mai karatu, tsoho bai motsa ba. Mi ya motsa?

Hoto da haske ake yin shi. Gaban kamara akwai gilashi, shi ne idonta. Bayan gilashin akwai ɗan labule da ke rufe fim. In anka latsa maɓalli, labulen ya buɗe, haske ya shiga, labulen ya rufe. Duk abin da ya girgiza tsakanin buɗewa da rufewa, sai ya bar sawu cikin hoto. Ko mutum ne ya motsa, ko kamara ce, duk ɗaya ne.

In ka duba bisan kamara za ka ga lambobi: 8, 15, 30, 60, 125, 250. Lamba 60 tana nufin an raba sakan ɗaya gida 60, labule ya buɗe tsawon gida ɗaya. Da rana tsaka haske ya wadata, ana aiki da 250 ko fiye. Da marece haske ya ragu, dole a sauko zuwa 15 ko 8 don labule ya daɗe a buɗe. Nan wahala take.

Irin kamarar da ta zo gidanmu, akwai madubi cikinta. Yana jingine tsakanin gilashi da labule. Aikinsa shi ne ya karkatar da haske sama, zuwa ƴar tagar da mai hoto ke leƙawa, don ya ga daidai abin da gilashi ke gani. Amma madubin ya tare hanyar fim. Don haka, in an latsa maɓalli, sai ya yi tsalle sama da ƙarfi, ya bugi rufin kamara, sannan labule ya buɗe. Wannan bugun yana cikin ƙarar da muke ji.

Ka cika ƙwarya da ruwa, ka ɗora bisa turmi, ka bugi gefen turmin. Ruwa zai yi rawa, ya ɗan jima, ya kwanta. Haka kamara take yi bayan bugun madubi. Rawar ba ta kai sakan ɗaya ba, amma labule ba ya jiran ta kwanta.

Abin mamaki, ba kowace lamba ce ke shan wannan wahala ba. A 250 ko 500, labule ya rufe tun rawar ba ta yi nisa ba. In kuma an bar shi buɗe sakan 10, kamar hoton dare, rawar ta ƙare tun farko, sauran lokacin duk kamara tana tsaye cik. Tsakiya ce mugun wuri, wajen 30, 15, 8 da 4. Nan ne kusan duk lokacin ɗaukar hoton ke faɗawa cikin rawar. Hasken gab da magariba kuwa nan yake kai mutum.

Dogon gilashi yana ƙara ɓarna. Wanda ya tsaya bakin hanya yana son ya jawo dutsin Dogon Dutsi kusa, gilashin da ke ƙara girman dutsin shi ke ƙara girman rawar. Shi ya sa masu sana'ar ke da wata ƙa'ida ta riƙon hannu: in tsawon gilashi milimita 50 ne, kada a sauko ƙasa da 60, in milimita 200 ne, kada a sauko ƙasa da 250. Mai hotonmu ya ja baya da dogon gilashi, ga ƙarancin haske, ga sandarsa siririya cikin rairayi. Ya kuma latsa da yatsa. Ban ce madubi kaɗai ke da laifi ba.

Masu ƙera kamara sun san matsalar tun da daɗewa. Kamarar Nikon F, wadda ta fito a Japan a 1959, tana da wurin ɗaga madubi a kulle shi sama. Ga yadda ake yi. A kafa kamara bisa ƙafa uku, a danna ƙafafun su zauna. A leƙa, a daidaita komi. Sannan a ɗaga madubi. Daga nan taga ta yi duhu, ba ka ganin komi, shi ya sa ake gama daidaitawa tukuna. A ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai a latsa da ƴar igiyar latsawa, ba tare da taɓa jikin kamara ba. In babu igiya, a sa agogon kamara ya latsa da kansa. A wasu, kamar Nikon FM ta 1977, agogon yana ɗaga madubi tun farkon ƙirga.

Dabarar ba ta kokowa ko sukuwar doki ba ce. Kafin ka ƙirga uku, an kā da mutum.

Tsofaffin masu hoton kasuwa, masu akwatin katako da baƙin ƙyalle, ba su san wannan damuwa ba. Akwatinsu ba shi da madubi mai tsalle, ga nauyi. Yanzu kuma an koma gidan jiya: tun 2008 ake sayar da kamarori na zamani da ake canza wa gilashi amma babu madubi, wayar salula ma ba ta da shi. Sai dai hannu yana nan da rawarsa. In za ka ɗauki hoto da waya da marece, riƙe ta hannu biyu, manna gwiwar hannu ga haƙarƙari, ko ka jingina da bango. Tsai da numfashi, ka taɓa a hankali.

Ga gwajin da za ku yi yau da dare. Kowa ya riƙe cocila, ya haska bango daga taki 2, ya duba ko hasken na rawa. Ya koma taki 20, ya sake dubawa. Sannan ya ɗora cocilar bisa turmi, ya saki hannu. Gobe a aji kowa ya rubuta layi uku bisa abin da ya gani.