Dashen Haƙori Da Kuɗin Inshora A Ma'aunin Shari'a



Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wasiƙar wani malamin makaranta wanda kuma shi ne yake limancin masallacin unguwarsu. Ya ce hatsarin mota ya raba shi da haƙoransa huɗu na gaba, na sama, har ya zama fa'un da zalun da sa'un mai ɗigo uku ba sa fita daidai a bakinsa idan yana karatun salla. Likita ya ba shi shawarar dashe, amma kuɗin da aka yanka masa ya fi albashinsa na shekara guda, masu inshorar da ake cire wa kuɗi daga albashinsa kuwa sun ce ba sa biyan wannan aiki. Sa'an nan wani ya raɗa masa cewa ana iya shiryawa a rubuta sunan wani aiki dabam a takarda don kuɗin su fito. Yana so ya san matsayinsa a cikin wannan duka.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka bari mu fara da sanin dashen. Ba shi ne haƙoran roba da tsofaffi suke cirewa da dare su jiƙa a kofi ba. Likita yana huda ƙashin muƙamuƙi ne, ya ɗaura wata 'yar ƙusa ta ƙarfen da ake kira titaniyam, ya bar ta kamar wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama ta ya riƙe, sa'an nan a ɗora mata haƙorin da aka ƙera daidai da bakin mai shi. Wani likita mutumin ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ne ya lura a shekarar 1952, yana bincike a kan ƙashin zomaye, cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ba a iya raba su. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, amma aikin bai bazu a duniya ba sai bayan wani taron likitoci da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982.

Tsadarsa kuwa ba a nan ƙasar kaɗai ake kuka da ita ba. A Amurka dashen haƙori guda yakan ci dala 3,000 zuwa 6,000, alhali kuwa yawancin inshorar haƙori a can ba ta biya wa mutum fiye da dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara. A Ingila, inda gwamnati take ɗaukar nauyin lafiyar jama'a, ba a yi wa mutum dashe da kuɗin hukuma sai da babban dalili, kamar wanda ciwon daji ko mummunan hatsari ya ɓata wa baki. A Nijeriya ma, ƙa'idodin da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fitar a 2012 sun sanya dashen haƙori cikin abubuwan da ba a biya. Ga shi kuma ƙusar da kayan aikin duk daga waje ake sayo su da kuɗin waje, ban da hoton ƙashi da ladan likita da na maƙerin haƙorin.

To, ya halatta? Asalin wannan babi shi ne labarin sahabi Arfaja ɗan As'adu, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulabu tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, sai ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Ku dubi wannan da kyau. Zinariya haramun ce ga namiji ya yi ado da ita, amma da aka zo ga mayar da gaɓar da ta salwanta sai aka halatta ta. Duk wanda ya yi karatun Muhtasar na Shaihu Halilu a zaure ya san an keɓe hanci da ɗaure haƙori mai girgiɗi daga hanin amfani da zinariya da azurfa. Idan har abin da aka hana ya halatta saboda wannan larura, ina ga titaniyam, wanda ba a hana kowa shi ba tun farko?

Masu jin tsoron abin suna kafa hujja da hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka la'anci mata masu goge haƙoransu su buɗe wushirya don neman kyau, masu canza halittar Allah. Amma hadisin da kansa ya faɗi dalilin, watau neman ƙarin kyau a kan lafiyayyar halitta. Wanda ya cike giɓin da hatsari ko ruɓewa ya bar masa yana komar da bakinsa ne ga yadda Allah Ya halitta shi, wannan kuwa magani ne. Wanda ya fi cancanta ya ji tsoron hadisin, a ganina, shi ne Alhajin da yake kai lafiyayyen haƙorinsa a goge a sa masa haƙorin Makka na zinariya don a san ya sauke farali. Ba mu taɓa jin irinsa ya aiko da tambaya ba.

Akwai abu guda da ya kamata mai neman dashe ya tambayi likitansa. Idan ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye, akan yi masa ciko kafin a kafa ƙusar, cikon nan kuwa wani daga jikin mutumin ake ɗebowa, wani na roba ne, wani daga ƙashin saniya, akwai kuma wata 'yar fatar rufi da wasu kamfanoni suke yi daga jikin alade. Muddin akwai mai tsarki, ba a komawa ga najasa. Game da alwala da wanka babu damuwa, domin kurkurar baki sunna ce a mazhabar Maliku, kuma abin da aka kafa ya zauna hukuncinsa hukuncin haƙori ne. Mai azumi ma aikin haƙori ba ya karya masa azumi idan bai haɗiye jini ko ruwa ba, ko da yake barinsa zuwa bayan Ramadan ya fi kwanciyar rai.

Kafin mu shiga inshora, akwai haƙƙin da mai tambaya bai ambata ba, kuma mutane da yawa sun manta da shi. A cikin takardar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa, diyyar haƙori guda raƙuma 5 ce, na gaba da turmi duk ɗaya. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, watau haƙori guda dinari 50 ke nan, kimanin giram 212 na zinariya, abin da ya ninka kuɗin dashe ko a Amurka. Idan alƙali ya tabbatar cewa kuskuren wani ne ya jawo hatsarin, to haƙora 4 raƙuma 20 ne, kuma tun da ba su kai sulusin diyya ba, a wurin Malikawa daga dukiyar mai laifin za a biya, ba a aza wa danginsa. Yafewa alheri ce, amma mutum ya san abin da yake yafewa.

Inshora ba ta cikin littattafan magabata na farko. Wanda aka sani ya fara yin magana a kanta shi ne Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na birnin Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, sa'ad da ya ga fatake suna biyan wani kuɗi don a rama musu kayansu idan jirgin ruwa ya nutse, ya kuwa ce bai halatta a karɓi wannan ramuwa ba. A zamaninmu majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1978, ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Jidda a 1985, duka biyun suka hana inshorar kasuwanci suka halatta ta taimakon juna. Hujjarsu ita ce ciniki ne a kan abin da ba a san ƙarshensa ba: kana iya biya shekara 20 ba ka karɓi ko kwabo ba, wani kuma ya biya wata guda ya kwashi miliyoyi, ga musayar kuɗi da kuɗi da fifiko da jinkiri, ga kuma juya dukiyar da kamfani yake yi a wuraren kuɗin ruwa. Adalci ne mu faɗa cewa Shaihu Musɗafa Zarƙa, babban malami mutumin Sham, ya saɓa musu, yana ganin abin da mutum yake saye shi ne aminci, kuma yana samunsa tun ranar da ya biya. Mu dai maganar jamhuru muka fi natsuwa da ita.

Ta taimakon juna kuwa, wadda ake kira takaful, kowa yana zuba nasa ne da niyyar kyauta a asusu guda, wanda masifa ta faɗa wa a ɗebo a ba shi, kamfani kuma wakili ne mai karɓar ladan aiki. Rashin tabbas ba ya ɓata kyauta yadda yake ɓata ciniki, wannan kuwa ƙa'ida ce sananniya a wurin Malikawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai. A Sudan aka kafa kamfanin farko na irin wannan a 1979, hukumar kula da inshora ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013.

Mai tambaya bai zaɓi tasa inshorar ba, daga albashi ake cirewa, dokar 2022 ma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa a ƙasar nan. Wanda aka tilasta babu laifi a kansa, kuma malamai da yawa suna ganin asusun da hukuma ta kafa don ma'aikata ya fi kusa da taimakon juna, tun da ba don cin riba aka kafa shi ba. Saboda haka ya karɓi duk abin da takardar ta ba shi, kamar ganin likita da hoto da magani.

Amma shawarar da aka raɗa masa, wannan haramun ce, babu wani taawili a ciki. Ƙarya ce, shaidar zur ce ga likitan da zai sa hannu, kuma cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Na san abin da zuciya take faɗa: shekara nawa suna cire mini kuɗi ban amfana ba? To ai kuɗin ba na wani ƙaton kamfani ne marar fuska ba, na masinja ne da malamar asibiti da sauran ma'aikata irinka, wanda aka tara don haihuwar matansu da zazzaɓin 'ya'yansu. Musulmi yana kan sharaɗin da ya shiga. Idan sharaɗin ne bai yi adalci ba, hanyar ita ce ƙungiyar ma'aikata ta nemi a gyara shi, musamman ga wanda hatsari ya same shi, domin sanya irin wannan a layi ɗaya da mai neman farin haƙori don ado ba daidai ba ne.

Haka kuma kada ya ci bashi mai ruwa. Dashe bai kai larurar da take halatta haram ba, tun da akwai haƙoran cirewa masu sauƙin kuɗi da za su mayar masa da haruffansa bayan ɗan sabo, akwai kuma waɗanda ake jingina wa haƙoran gefe. Idan asibiti ya yarda a biya shi kashi-kashi a kan farashin da aka yanke tun farko, ba tare da ƙari saboda jinkiri ba, wannan ya halatta. Jama'ar masallacinsa ma, waɗanda yake yi wa salla biyar ba su biyansa, su dubi Ash'ariyawa. In kuma yana da ciwon sukari, ya gaya wa likita kafin a taɓa shi, domin sukarin da bai daidaita ba da shan taba suna daga cikin abubuwan da suke hana ƙusar kamawa, kuɗi su tafi a banza.

Saura abin da muka fahimci ya fi damunsa ko da yake bai faɗa ƙarara ba, watau limancinsa. Malikawa sun halatta bin limamin da harshensa ya kasa fitar da wani harafi saboda abin da ba shi da iko a kansa. Sallarsa ta inganta, ta waɗanda suka bi shi tun ranar da ya fito daga asibiti ma ta inganta, babu wanda zai rama. Ya ci gaba da shiga gaba har Allah Ya hore masa abin gyara. Allah ne Mafi sani.