Kafin Ka Tayar da Sabon Injin Sanyaya Ruwa

Mai masana'anta, kada ɗoki ya sa ka kunna injin ranar da aka kafa shi. Ka bar shi da wuta aƙalla awa 12 tukuna, domin hitar kwamfuresa ta ɗumama mai, gas ɗin da ya gauraya da man ya fita. A wanke bututu, a share matata, a fitar da iska. Mai aikin lantarki ya duba jerin wayoyin wutar injin guda uku, don in suka sauya kwamfuresa zai juya baibai. Famfo ake fara tayarwa, domin ruwan da ba ya gudu yana daskarewa ya fasa bututu. Galibi ruwa kan fita a digiri 7, ya dawo a 12. Ka rubuta alƙaluman ranar farko, su ne ma'auninka nan gaba. Haƙurin kwana ɗaya ya fi gyaran wata guda.